Yadda Za Ka Sayar Da San Huɗa Ka Sayi Wayar 5G A Garin Da Babu Sabis

Ka bi matakan nan yadda na jera su, na ba ka tabbaci kafin ruwan farko ya sauka kana riƙe da wayar da ta fi ta dagaci. Ni ban yi boko mai nisa ba, amma a gabana ƙanina Tajuddeen ya yi su ɗaya bayan ɗaya, kuma babu wanda ya ba shi kunya.

1. Fara tsorata kanka

Je teburin mai shayi ka zauna kusa da Kassimu direba, tunda shi ke shiga Kano kullum. Zai ce, "An ce za a kashe tsohon netwok. Duk mai ƙaramar waya sai dai ya riƙa haska akurki da ita." Kada ka tambayi wa ya ce. Idan wani ya ce shi kuma ya ji ba yanzu ba, kalle shi kallon mai baƙin ciki. Babu wanda ya sani a cikinsu, don haka ka zaɓi maganar da ta fi tayar da hankali.

2. Kada ka tsaya a 4G

Ranar kasuwar Ɗambatta, shiga rumfar masu waya. Mai rumfar zai kira ka Alhaji, ka amsa. Ka ce, "Wannan 5G ɗin, yaushe za ta iso wajenmu?" Zai ce, "Ai tana hanya, Alhaji." Yarda da shi. Wutar lantarkinmu ma tana hanya tun ina saurayi.

3. Manta da suri

Ka san dai duk garinmu wuri ɗaya ake samun sabis: kan surin da ke bayan firamare, ka hau, ka ɗaga hannu, ka fuskanci kudu. Cire wannan daga ranka. Mai yawan tunani ba ya cigaba.

4. Kwance jan sa

Shanun huɗa biyu ne da kai, ja da baƙi. Jan za ka kai kara, kasuwar shanu, shi ya fi cika ido. Uwargida za ta tare ka a bakin zaure, kamar yadda Aina'u ta tare Tajuddeen.

"Baban Rumaisa, ina za ka da shi, ga damina a ka?"

"Ke ba ki san zamani ba. Wayar nan har ranar da za a yi ruwa take faɗa."

"To in ta faɗa, ita za ta ja garmar?"

Ja igiya ka wuce. Idan san ya turje, ka sani shi ma ɗan adawa ne.

5. Nuna ta

Ranar Juma'a sa ta a aljihun gaba, idanun kyamarar nan uku suna leƙen jama'a. Bayan an idar ka hau suri. Sandar sabis ɗaya za ta kawo, daidai da ta tsohuwar da ke bayanka tana jiran ka sauka. Ka ce wayar ba ta saba da iskar ƙauye ba tukuna. Idan kira ya kama ka, ari ta uwargida, tunda taka ƙaramar ka haɗa wa mai rumfa. Amma sai ka yi sallama da ladabi.

6. Ranar ruwa

Ruwa zai sauko ba tare da wayar ta ce komai ba. Ƙasa ta jiƙa, kowa ya fita huɗar gyaɗa, kai kuma karkiyarka gefe ɗaya wayam. Je wajen maƙwabcinka Muhammadu Sani aron sa. Zai ce, "Ni ma yau nake shiga tawa. Kira jan naka mana a 5G, an ce sauri gare ta."

Kwana uku ƙasar za ta jira ka, ba huɗu ba. Saboda haka ɗaura baƙin sa a gefe ɗaya, ka sa wuyanka a ɗayan. Ni na riƙe wa Tajuddeen garma. Gonakinmu kafaɗa da kafaɗa suke, babu wanda bai dogara fartanya ya kalla ba. Kunya uku ya yi, karkatattu, ya zube yana cewa, "Yaya, tsaya, ƙirjina!" Sauran gonar ya kwana ciyawa har kaka.

Abu na ƙarshe

Ni ban kai san kowa kara ba, ban kuma ce netwok zai mutu ko zai rayu ba. Idan rumbunka ya tashi babu komai, kada a aiko gidana da kwano. Garmar nan ma na riƙe ta ne saboda ni da Tajuddeen uwarmu ɗaya. Kai ba uwarmu ɗaya ba.