Yadda Hannun Mai Girma Ya Shiga Dusar Kajinmu

Jama'a, yau da safe na fito zan tafi makaranta, na iske uwargida Hadijatu tsugune a bakin akurki ta yi tagumi. Kazarta wake-wake ta gama kwanci ta tashi, ƙwai duk baragurbi sai guda ɗaya. Shi ma ɗan tsakon da ya fito, baki a karkace, ido ɗaya babu, yatsu a nannaɗe. Bai kai hantsi ba. Kaza ta uku ke nan da ta yi mana haka. Biyu sun mutu, sauran sun rame, gashi a yamutse, ko tsaki ka watsa musu sai su bi ka da kallo kamar ɗalibin da aka tambaya darasin da ba a koya masa ba.

"Malam, in wagga ma ta tafi, akurkin ya mutu ke nan," in ji ta. Kajin nan jinin waɗanda ta zo da su gidana ne daga Kusada. Annobar kaji ta sha zuwa ta wuce ba ta ga bayansu ba. Sai da tallafi ya zo.

Bari in bi muku abin daki-daki, yadda na saba a aji. Kwanakin baya aka tara mata masu kiwo a wani fili nan Kankiya, aka kafa rumfuna, aka shanya su a rana har azahar. Can sai ga Mai Girma Sarkin Yanka Ƙyalle, Allah ya ƙara wa rigarsa sitati, da motoci a bayansa kamar ana kai amarya. Ya kawo wani farin gari na ƙara wa kaji kuzari. Manyan buhuna ne, amma aka farke su aka ƙulla a leda, don kowace mace ta samu abin ɗagawa a hoto.

Daga nan aka kawo masa kwanon dusa ya gwada wa mata yadda ake haɗawa. To, kun san mutum mai kyauta. Ya zura hannu ya damƙo ya zuba. Masu kiɗa suka ɗauka. Ya ƙara. Wata tsohuwa daga baya, wadda ta saba da awo a kasuwa, ta ɗaga murya ta ce, "Ranka ya daɗe, ba gyara?" Aka kwashe da dariya, shi kuwa ya sake damƙowa ya zuba gyara, aka yi guɗa. Mata suka koma gida kowa da darasinta: damƙa biyu da gyara a kwanon dusa. Hadijatu, da yake tana son kajinta, gyaranta ya fi na Mai Girma kauri.

Maƙwabcina Babba, wanda matarsa ma ta amso, tun farko ya ce mani, "Malam, tsuntsu daga sama gasasshe! Bana sai mun gaji da ƙwai." Yau da na gan shi a ƙofar gida na ce, "Babba, ina ƙwan?" Ya ce, "Kai dai bari. Zakarana ko cara ya daina. Jiya ni na tashe shi."

Bayan an tashi makaranta na ɗaure wake-wake a kwali, na ɗora a babur, sai wurin Yakubu malamin dabbobi. Ya buɗe bakinta ya sansana, ya ce in sansana. Warin tafarnuwa, alhali ba mu taɓa ba ta ba. Ya dubi garin da na kawo a leda, ya girgiza kai.

Ya ce a cikinsa akwai wani sinadari, siliniyam. Kaza na bukatarsa, in ta rasa shi ma ciwo ne, amma ɗan mitsitsi take so, abin da bai kai gishirin miya ba. Garin nan na masu injin haɗa abincin kaji ne, ɗan cokali ya ishi buhu guda. In ya yi yawa sai ya zama guba: kaza ta ƙi ci, ta rame, ta rage ƙwai, wanda ta yi kuma ya ƙi ƙyanƙyashewa, ko ɗan tsakon ya nakasa tun yana cikin ɓawo.

Na ce, "Yakubu, ba kai na gani tsaye a bayan Mai Girma ran nan ba?"

Ya ce, "Ni ne, Malam. Ni na riƙe mashi kwanon."

"Ka ga ya zuba, ka yi shiru?"

"Haba Malam! In riƙe hannun babba a gaban jama'a, ga masu hoto? Kai in baƙo babba ya zo ajinka ya rubuta ba daidai ba a allo, gogewa kake yi yana tsaye?"

Na ce ina gogewa in ya fita. Ya ce shi ma ya yi niyya, amma kafin a gama rabon shinkafa mata sun watse.

Ni dai ba na zargin Mai Girma. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Wataƙila ya ga kaji sun yi wa garin nan yawa, suna hana mutane barci. Kuma ina yaba masa, don wannan ne alkawari na farko da na ga an cika har an yi gyara. Ruwan famfo da aka ce mana, da takin zamani, da rufin ajin da nake koyarwa, ko damƙa guda ba mu gani ba. Ashe Allah ne ya rufa mana asiri.

Abu guda nake roƙo, da ladabi. In za a ba talaka abu, a bar wanda ya san awonsa ya yi magana kafin masu kiɗa su fara. Mace ba ta da wata gona a cikin gida sai akurkinta, kuma garin neman gira bai kamata a raba ta da ido ba.

Yakubu ya ce a daina garin yau, a koma dusa da tsaki da ruwa mai tsabta, waɗanda suka rage za su farfaɗo, amma kada a sa musu ƙwansu kwanci sai jikinsu ya wanke. Hadijatu ba ta tsaya jira ba. Ta aika wa ƙanwarta Karima, can wani ƙauye bayan rafi inda mota ba ta shiga, kuma da yamma sai ga ƙwai lafiyayyu a ƙwarya, za a sa wa wata kazar da ta fara kwanci. Su can kajinsu garau suke, don tallafin bai kai gare su ba.

Babba ya matsa in faɗi sunan ƙauyen a nan don a yaba musu. Ku yi mani uzuri, ba zan faɗa ba. Manya ma suna karanta jarida.