Daraktan Walwala Ya Fita Farautar Dariya

Ba kowane kamfani ne Allah yake yi wa baiwa da mutum irin Daraktan Walwalar Ma'aikata ba. Wani kamfanin sai ya tsufa ma'aikatansa suna farin ciki haka nan kara zube, babu tsari, babu mai sa ido. Kamfanin inshorar da nake ba ku labari ya tsira daga wannan ganganci. Ya samu mutumin da ya je kwas har sau biyu a kan yadda ake jin daɗi, ya kuma dawo da takardar shaida a cikin firam.

Mutum ne mai tsafta. Kwat ɗinsa ba ta yamutsewa. Takalminsa kana iya duba haƙoranka a jikinsa, shi kuwa yakan duba. Murmushinsa a bakin ƙofa yake kunna shi da safe, tare da fitilun ofis, ba ya kashewa sai ya shiga mota. Shi ya sa ma'aikata suke ce masa Haƙora Waje. Masu tsoron Allah a cikinsu suna cewa Baban Nishaɗi. Wannan na biyun ne ya kai kunnensa, ya ji daɗi ƙwarai, har ya sa aka buga shi a katinsa.

Ranar da ya kama aiki ya tara kowa ya yi jawabi.

"Ni ba shugabanku ba ne," in ji shi, "ɗan'uwanku ne. Ku ɗauke ni abokin wasa. Duk wanda yake son ya yi wasa da ni, ya sanar da sakatariyata tun da wuri, za ta duba ta ba shi lokaci."

Aka tafa. Ya ɗaga hannu alamar ya isa, amma bai sauke hannun ba sai da tafin ya mutu don kansa.

To, aikin inshora aiki ne na sauraron asara. Tun safe mai shagon da ya ƙone yana zaune gabanka. Yana tashi mai motar da ta faɗa kwalbati ya zauna. Bayansa ga matar da ruwa ya shiga ma'ajiyar kayanta, tana magana tana share ido da gefen mayafi. Kafin rana ta take, zuciyar ma'aikaci ta yi nauyi kamar jiƙaƙƙen bargo.

Abin da yake sauke wannan nauyi wani ɗaki ne a can bayan ginin, inda ake ajiye kayan da suka lalace waɗanda aka kawo shaida. Ɗakin Asara ake ce masa. Akwai doguwar kujera mai kushin wadda gobara ta cinye mata hannu ɗaya. Akwai firij da ambaliya ta yi wa wanka, amma idan ka haure shi a gefe yakan tuna aikinsa. Wata lotsattsiyar ƙofar mota aka ɗora kan akwatuna ta zama tebur. Nan ma'aikata suke haɗuwa lokacin cin abinci. Kowa ya buɗe kularsa, cokalin wannan a abincin wancan. Mai Duba Ɓarna, wani dogon mutum marar nama wanda shi ake tura wa ya gano ko asarar gaskiya ce, shi yake kawo labari. Ya je gidan wani da ya rantse ɓarayi sun ɗauke masa firij, mutumin ya ce masa zauna ka huta, ya shiga ciki ya kawo masa ruwa mai ƙanƙara. Direban kamfani ya yi ta dariya yana dukan ƙofar motar nan har ta ƙara lotsawa. Awa ɗaya ce tak. Amma da ita suke komawa tebur da kunnen da zai iya ɗaukar kukan wani har yamma.

Wata rana Baban Nishaɗi yana wucewa ta bayan gini don ya duba ko an wanke masa mota, sai ya ji ta. Dariya ce cikakkiya, mai hawaye. Kuma ba daga sashensa ta fito ba. Ya tsaya cak kamar mutumin da ya ga wani yana girbi a gonarsa.

Ya tura ƙofa. Cokula suka tsaya a iska.

"Ba wai ina hana dariya ba," ya ce, haƙora a waje. "Ni ne ma ubanta a gidan nan. Amma wa ya ba da izinin wannan? Ku dubi inda kuke yin ta! A kamfanin inshora! Idan wani ya ƙware da shinkafa yana tsakiyar dariya, ƙarƙashin wane sashe za a sa shi? Ku da kuke koya wa jama'a tsoron haɗari, ku ne zaune a kan kujerar da wuta ta riga ta ɗanɗana? Na tausaya muku. Daga yau wahalarku ta ƙare."

Washegari aka wayi gari da kwaɗo a ƙofar Ɗakin Asara.

A madadinsa ya gina musu Zauren Annashuwa, daura da ofishinsa. Bangon duk gilashi ne, domin ya riƙa ganin farin cikin da idonsa. Kujerun masu launi-launi ne, ba su da majingina, saboda a kwas an ce jingina tana kawo kasala. Aka sa furen roba, aka buga allo a ƙofa. Aka hana shiga da abinci mai ƙamshi, wato duk abincin da mutum zai so ya ci. Shi da kansa yake buɗe zama. Yakan ciro ɗan kati daga aljihu ya karanta abin dariyar ranar. Idan ya gama ya ji shiru, ba ya fushi, mutum ne mai haƙuri da masu ƙaramin ilimi. Sai ya sake karantawa a hankali, ya ce, "Ga inda abin dariyar yake," ya yi bayani.

Ma'aikata suka riƙa zama a jere kamar masu jiran allura. Wani dattijo da ya zo sabunta inshorar motarsa ya hango su ta gilashi, ya cire hula, ya tambayi maigadi ko nan ne magadan waɗanda suka rasu suke jira.

Ba a daɗe ba zauren ya fara ramewa. Wannan ya ce aiki ya yi masa yawa, wancan ya ce ba ya jin yunwa. Ashe matakalar baya suka koma, kula a kan cinya, Mai Duba Ɓarna a tsakiya. Amma kunnen Darakta ba na wasa ba ne. Ya gano su.

Nan ne za ka san girman mutumin. Wani shugaban da horo zai yi. Shi kuwa kafinta ya kira. Kafin azahar ta gobe an buga allo a bangon matakala: Cibiyar Nishaɗi ta Biyu. Ya shimfiɗa hankici a matakin sama, ya zauna, ya ciro kati.

Suka koma inuwar da ke tsakanin motocin kamfani. Aka buga allo a jikin sandar fitila. Suka koma bayan janareta, inda ƙara take rufe murya. Ya hango kafaɗunsu suna rawa ta taga, ya sauko da gudu. Suka hau can sama kusa da tankin ruwa, rana tana dukansu, suna dariya ƙasa-ƙasa kamar masu laifi. Can ma allo ya same su. Kafinta ya yi ƙiba a wannan wata, har matarsa ta aiko da gaisuwa.

Daga ƙarshe babu lungun da ya rage. Kowa ya koma cin abinci a teburinsa, shi kaɗai, ɓurɓushin burodi yana faɗawa cikin madannan kwamfuta. Direba ya riƙa ci a cikin mota da gilashi a rufe. Mai Duba Ɓarna yana dawowa daga aiki da labari a bakinsa, ya duba hagu ya duba dama, ya haɗiye. Masu asara suka fara samun gajeriyar amsa. Mace ta zo tana kuka, a ce mata ta koma layi.

Darakta bai karaya ba. Ya tabbata akwai dariya a ginin, wani ne yake ɓoye ta. Da lokacin abinci ya yi sai ya gyara wuyan kwat ya fita sintiri, daga zaure zuwa matakala, daga janareta zuwa tanki, kafinta a bayansa da guduma da sabon allo a hammata ko da za a dace.

Anti Sakatariya ce ta gaji. Dattijuwa ce, ta ga shugabanni sun zo sun wuce a kujerar da Darakta yake kai, kuma ƙafafunta ba sa son hawa bene don cin shinkafa. Ta bari sai da takunsa ya yi nisa, sannan ta leƙa babban ofis.

"Ku ɗauko kulolinku."

"Zuwa ina kuma, Anti?" in ji Direba. "Ai sai dai cikin tankin."

"Akwai wuri ɗaya da ba ya takawa da rana." Ta nuna ƙofar ofishin Darakta da ke bayanta da haɓa.

"Anti! So kike 'ya'yana su kwana da yunwa?"

"Kai dai ɗauko cokali, ɗan nan. Mutumin da yake ganin ko ƙuda sai ya nemi izini kafin ya shiga, shi zai yi zaton kuna ciki? Ko kullewa ba ya yi."

Suka shiga da sanɗa, wasu har suna cire takalmi. Ga sanyin na'ura, ga kafet mai nutsar da ƙafa, ga tebur da mutum zai yi barci a kai ya juya. Ga kujeru masu majingina, domin shi kasala ba ta kama shi. Suka shimfiɗa tsofaffin jaridu, suka buɗe kuloli. Da farko raɗa suke yi. Can sai wani ya ce wani abu, Anti ta toshe baki, Direba ya kasa riƙewa, ɗaki ya fashe.

Haka aka yi ta yi. Kafin ya dawo an share, an buɗe taga, an fesa turare. Shi kuwa yana can sama kusa da tanki yakan ji wani abu kamar dariya yana tasowa ta bututu. Ya sauko a guje ya ga wayam, ya sake hawa. Ya fara zargin aljanu.

Ana nan sai Shugabar kamfanin ta sauko daga hawan sama. Tsohuwa ce marar yawan magana, ba a ganinta sai da dalili. Labari ya kai mata cewa bangon kamfani ya cika da alluna, fuskokin ma'aikata kuma sun bushe, har ta fara tunanin ko wannan sashe na walwala yana da amfani. Ta ci karo da Darakta a baranda, yana haki, kafinta a bayansa.

"Mu je ofishinka," ta ce.

Suna isa ƙofar da aka rubuta sunan muƙaminsa da ruwan zinariya, sai dariya ta bugo daga ciki, irin wadda take sa gilashi rawa. Shugaba ta tsaya. Darakta ya murɗa ƙofa.

Ga ma'aikata nan zube a kafet. Ga Anti a kan kujerarsa mai juyawa, da cinyar kaza a hannu. Ga Direba tsaye a tsakiyar ɗaki, ƙirji a gaba, hannu a baya, ya daskare haka. Ko numfashi ba ka ji. Mai Duba Ɓarna ya fara tunanin inda zai nemi aiki a wannan shekarun nasa.

Shugaba ta dubi Direba, ta dubi Darakta, ta sa hankici a baki ta yi tari.

"Kai ka ba su ofishinka?"

Hanya biyu ce a gabansa. Ko ya ce kutse aka yi masa, a kori mutane, a kuma gane cewa duk allunan nan ba su haifi ko murmushin kyanwa ba. Ko kuma ya karɓi dariyar nan da aka tsinta a ɗakinsa. Ya dubi rubutun zinariyar da ke ƙofa. Haƙoran da suka ɓuya suka dawo waje ɗaya bayan ɗaya.

"Ranki ya daɗe, tsari ne," ya ce. "Sabon salo ne, a kwas na biyu muka yi shi. Shugaba na gaskiya yakan sadaukar da ofishinsa, ya ja gefe, ya bar farin ciki ya tsiro. Ba kowa yake da zuciyar yin haka ba. Ni dai haka Allah ya yi ni."

"Madalla," in ji Shugaba. "A ci gaba da shi kullum. Na kuma lura kana buɗe ƙofa suka yi shiru. To ka riƙa jan gefen sosai, kamar yadda tsarin naka ya ce."

Ta juya ta tafi. Anti ta ƙarasa cinyar kazarta.

Yanzu idan ka je kamfanin da tsakar rana za ka gan shi. Lokaci yana yi yake tashi, ya kwashe takardunsa, ya fita ya ja musu ƙofa. Yakan tsaya a baranda, ƙirji a gaba, hannu a baya. Idan wani ya zo wucewa sai ya sa yatsa a baki.

"A hankali, malam. Aikina ne yake gudana a ciki."

Duk sanda dariya ta tashi sai ya gyaɗa kai kamar manomin da ya ji tsawa. Yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa babu dariyar da ake yi a ɗakin nan wadda ba shi ne tushenta ba. A ciki kuwa Direba ya gama ƙwarewa a kwaikwayon tafiyar Darakta, Mai Duba Ɓarna ya kama muryar, Anti tana gyara musu inda haƙoran ba su fito daidai ba.

Tun da ya kama aiki, wannan ce magana ɗaya da ya faɗa wadda ba sai an tura kowa ya je ya tabbatar ba.