Ranar da na ɓatar da gawar Kawu

A Jos Kawu ya rasu, baƙon direba ya taho da gawar. Da ya kira neman kwatance, ni na karɓe wayar, don ni kaɗai na san an sake wa layinmu na Wunti suna.

Yayana ya ce, "Ka ce masa bayan gidan burodi."

Na ce, "Haba Yaya, ai an waye." Na ba direban sabon sunan.

Ashe ko masu keke ba su san sabon sunan ba. Suka tura shi can unguwar Gwallameji, cajin wayarsa ya ƙare. Kabari a haƙe, liman a tsaye, Inna tana kuka, har la'asar.

Yanzu duk dattijon gidanmu da ya kwanta ciwo, wasiyyarsa a kaina ɗaya ce: "In ta Allah ta kasance, ku ƙwace wayar a hannunsa."