Alhaji Barau da Kwamfutar Masu Burodi

Wani abokina mai gidan burodi ne ya ba mu wannan a majalisa, ya kuma rantse a gabansa aka yi. Ƙungiyarsu ta masu burodi tana da shugaba, Alhaji Barau, wanda ya daɗe a kan kujera har an manta wa ya gada. Ba ya zuwa taro sai an ce akwai kaza, ba ya raba rigima, ba ya kai kukan kowa ko'ina, amma in za a ɗauki hoto shi ne a gaba, babbar riga har ƙasa. Ana dab da zaɓen ƙungiya sai kamfanin da ke sayar musu da fulawa ya aiko cewa zai yi musu rangwame, da sharaɗin a turo sunan kowa da lambar katinsa da lambar wayarsa, a cikin manhajar nan ta kwamfuta mai gida-gida kamar filin dara, kafin a tashi aiki ranar Alhamis. Wanda bai shiga ba, ya je kasuwa ya saya da tsada.

Sakatarensu, Malam Ilu, ya ce a kai shagon masu buga takardu. Alhaji ya ce sam, shi da ya je bitar kwamfuta har Abuja, ga takardar shaida can rataye a falonsa? Gaskiyar magana dai kamfe ya hango. Ranar Alhamis ɗin ya sa aka tara jama'a a ofis, ya buɗe kwamfuta, ya gyara tabarau, ya fara dannawa da yatsa ɗaya kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.

Sunaye suka shiga lafiya. Da aka zo lambar kati, wani mai suna Ɗan'azumi ya ce tasa huɗu ce, sanda, wato ɗan layin nan mai raba lambobi, goma sha ɗaya. Alhaji ya buga. Yana ɗaga yatsa sai lambar ta rikiɗe ta koma huɗu ga Nuwamba.

Ɗan'azumi ya leƙo. Ya ce, "Ranka ya daɗe, me zai same ni ranar huɗu ga Nuwamba?"

Alhaji ya ce, "Kai dai da ƙauyanci. Ranar haihuwarka ta gano."

"Ni da azumi aka haife ni, Alhaji. Ko tsohuwata ba ta san ranar ba, sai wannan abar?"

Na bayansa yana jin haka ya mai da katinsa aljihu, ya ce shi kam ba wanda zai sa masa rana, gara ya sayi fulawar da tsada.

Alhaji ya share gumi ya ce a bar kati tukuna, a shiga lambobin waya. Ya buga ta farko, sai gidan ya cika da wasu alamu kamar shingen kara, ba lamba ko ɗaya. Ya ce, "Yauwa, tsaro ke nan. Ta ɓoye don kada 'yan damfara su gani." Malam Ilu ya ce to kamfanin fa, ta ina za su gani? Alhaji ya yi kamar bai ji ba. Garin jan linzamin kwamfutar da fushi sai gidan ya buɗe, lambar ta fito, amma babu sifilin da ke farkonta. Ya goge ya sake bugawa, sifili ya ɓace. Ya danna shi da ƙarfi har tebur ya girgiza, ya sake ɓacewa. Ya tofa addu'a a yatsa ya danna, haka dai.

Ya cire hula ya ajiye, ya ce, "Wannan aikin 'yan adawa ne. An shiga kwamfutar nan."

Daga can kujerar baya Hajiya Kyauta, mai gidan burodi biyu kuma taubashiyar Alhajin, wadda duk ƙungiyar ita kaɗai ke iya faɗa masa magana, ta ce, "Barau, la'asar ta yi fa. In fulawar nan ta wuce mu, wallahi a gidanka zan riƙa karin kumallo, ni da ma'aikatana."

Ganin rana na tafiya, Malam Ilu ya kira ofishin kamfanin, ya buɗe murya kowa na ji. Wata ma'aikaciya ta ɗauka, ta saurare shi, ta ce ai kullum sai an kira su a kan haka. Shingen nan ba tsaro ba ne, gidan ne ya yi wa lambar kaɗan, a ja gefensa ya faɗaɗa. Lambar kati da ta waya kuwa, a fara sa ɗan waƙafin nan na sama kafin a buga su, sai na'urar ta ɗauke su a matsayin rubutu, ta bar su yadda suke.

Aka gwada, sai ga huɗu ga Nuwamba ta koma huɗu, sanda, goma sha ɗaya. Ɗan'azumi ya yi hamdala kamar an sallamo shi daga asibiti. Mai katin aljihu ya fito da nasa, aka buga na kowa, aka tura kafin a rufe ofis.

Amma Alhaji bai huce ba. Ya karɓe wayar, ya sake kiran ma'aikaciyar, ya ce, "'Yata, shugaban ƙungiya ke magana. Wa ya ba na'urar nan izinin cire mini sifili?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, haka aka yi ta. In ta ga sifili ya zauna a gaba, ta san ba ya ƙara komai, sai ta kawar da shi."

Alhaji ya ce, "Ji rashin kunya! Abu yana zamansa a gaba, sai kawai ta tsige shi?"

Hajiya Kyauta ta gyara mayafi ta miƙe, ta ce, "Kai dai Barau, gode wa Allah da ba ta da ƙuri'a a ƙungiyar nan."