Giyar Bature Da Na Tasa Daga Barci

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Alhamis ba, ranar da na gyara abin da bai lalace ba, kuma na tsaya gaban baƙi ina jiran a gode mini.

Ni ba mai yawan magana ba ne, ban kuma yi makaranta ba. Sunana kaɗai nake iya rubutawa. Na yi dako a Kaduna, na yi gadi a Legas, na ga abubuwan da ba na ba da labarinsu. Da na samu hanyar Dubai, aikin da aka ba ni wankin kofuna ne a bayan mashayar wani otal da ke Al Rigga. Shekara shida ina tsaye gaban famfo. Ban taɓa kuka da aikin ba, amma na gaji da kallon bango.

Sai mai taimaka wa mai zuba giya ya koma ƙasarsu, gurbinsa ya zama babu kowa. Shugabarmu, wata 'yar Filifin da muke kira Madam, ta same ni ta ce, "Ranar Alhamis muna da baƙo daga Beljiyam. Zai ba mutane giyarsa su ɗanɗana. Ka riƙe masa tire. In ka yi kyau, gurbin nan naka ne."

Na ce, "Madam, uwata mai dafa giya ce. A gindin tukunya na girma." (Rabona da yin magana mai tsawon wannan a otal ɗin, na manta. Da na sani da ban fara a ranar ba.)

Ba ƙarya na yi ba. A ƙauyenmu na kudancin Kaduna, burkutun uwata ake fara shanyewa ranar kasuwa. Tun ina ƙarami na san yadda ake jiƙa dawa ta yi tsiro, a shanya, a niƙa, a dafa, a bar ta ta tashi. Kuma uwata tana da doka ɗaya: ba a zuba wa mutum sai an juya tukunya. Ƙarfin giyar yana kwance a ƙasa. Wanda ya ɗebo maka ruwan sama kawai, cutarka ya yi. Na sha mari a kan wannan fiye da sau ɗaya.

Baƙon wani tsohon Bature ne mai farin gemu. Ba babban kamfani gare shi ba. Ƙaramin gidan dafa giya ne da ya gada daga kakansa a wani ƙauye, shi da 'ya'yansa suke yi da hannunsu. Kwalabensa manya ne, bakinsu a toshe, an ɗaure da waya. Kowace giya da irin kofinta: wani mai ƙugu kamar kalangu, wani mai faɗin baki kamar kofin jibin Ubangiji a coci. Kwana uku ina haddace su. Kofi dai ba wanda zai koya mini.

Kwalaben sun iso kwana goma kafin shi, aka jera su a tsaye cikin sito mai sanyi. Da azahar ɗin Alhamis Madam ta aike ni in goge su. Na ɗaga ɗaya ga hasken fitila, sai na ga wani abu fari-fari ya kwanta a gindinta, saman kuma garau kamar shayi. Na duba ta biyu, haka. Ta uku, haka.

Tausayin tsohon ya kama ni. Mutum ya taso daga wata uwa duniya, an bar masa giya ta kwanta, za a ba baƙinsa ruwan sama ya ji kunya. Ban gaya wa kowa ba, don aikin kirki ba ya bukatar shela. Na ɗauki kwalaben ɗaya bayan ɗaya, na kifa, na girgiza sau uku-uku, na mayar. (Na san lemon kwalba yana fushi in an girgiza shi. Na ɗauka mai waya a baki ya fi haƙuri.) Ban tsallake ko ɗaya ba. Ni ba na rabin aiki.

Da la'asar baƙi suka zauna a dogon tebur. Ina tsaye a gefe da sabuwar farar riga, tire a hannu. Tsohon ya yi ta bayani da Turanci, ina tsintar kalma ɗaya ina rasa uku. Na dai ji yana cewa giyarsa tana da rai a cikin kwalba. Na gyaɗa kai. Wannan na sani.

Ya warware wayar kwalba ta farko. Bai ma gama taɓa toshiyar ba ta tashi da ƙara ta bugi rufin ɗaki. Kumfa ta biyo, ta wanke masa hannun riga, ta malala kan tebur har cinyar wata mata mai jan kaya. Abin da ya rage ya zuba a kofi, ya ɗaga sama. Ga ta nan, dumu-dumu kamar kunun zaƙi.

A raina na ce, yawwa, yanzu ta zama giya.

Ya buɗe ta biyu da tawul a kan bakinta. Ita ma haka. Ya ajiye kofin a hankali, ya dubi Madam. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Wa ya taɓa kwalaben nan?"

Ko a lokacin ban gane ba. Na ɗauka kumfar alamar ƙarfi ce, tambayar kuma ta neman wanda za a yaba wa ce. Na tako gaba, na dafa ƙirji, na haɗa ɗan Turancin da nake da shi na ce, "Ni ne, Baba. Ta yi barci, na tashe ta."

Ya ce, "Guda nawa?"

Na ce, "Duka." Sannan na ƙara da abin da har yau in na tuna nake rufe ido. Na ce, "Ba komai, Baba. Ba sai ka gode ba."

Can ƙarshen tebur wani mai tumbi ya kasa riƙewa, ya tuntsire da dariya, sauran suka bi. Madam ba ta yi dariya ba. Ta karɓe tiren daga hannuna ta ce, "Khalas, ya isa. Koma baya."

An taɓa tsare ni da bindiga a hanya, ban razana ba. Amma taku goman da ke tsakanin teburin nan da ƙofar kicin, ban san yadda na yi su ba.

Ina gaban famfo, bayan baƙi sun watse, sai ga tsohon a bakin ƙofa da jiƙaƙƙen hannun riga. Na shirya jin zagi. Tambaya ya yi. "Me ya sa?"

Na gaya masa labarin uwata da tukunyarta, rabi da baki rabi da hannu. Ya saurara sosai. Ya tambayi irin hatsin, da kwana nawa take dafawa, da kwana nawa giyar ke yi kafin ta lalace. Na ce kwana biyu, na uku sai tsami. Ya ce tasa takan shekara a kwalba. Yis ɗin da ke ciki, wato abin da ke sa giya ta tashi, yana aikinsa a hankali, in ya gama ya kwanta, shi ne farin da na gani a gindi. Kwana goman nan ya sa a bar ta ne ta huta daga wahalar tafiya. Ya ce, "Uwarka tana da gaskiya a tukunyarta." Sannan ya ƙara, "Amma wannan ba tukunyarta ba ce."

Kafin in tashi aiki Madam ta kawo wata kwalba da babu komai ciki, ta buga yatsa kan rubutun bayanta. Na ɗauki hotonsa a waya. A ɗakinmu na unguwar Hor Al Anz akwai Malam Isuhu, direba ne ɗan Maraɗi, ya yi boko na Faransanci, bai taɓa sa giya a baki ba. Na miƙa masa wayar.

Ya karanta, ya dube ni ta saman tabarau. "An ce a ajiye a tsaye. Kada a girgiza. A zuba a hankali, a bar na ƙasa." Ya sake dubawa. "Ɗan mai burkutu, sau nawa ka girgiza?"

Na ce, "Uku-uku."

Ya ce, "Wallahi ka yi ƙoƙari. Ni da ba na sha ma da na fi ka iyawa, don ni tsoron kwalbar nake ji."

Na ce, "Malam, ya isa."

Ya ce, "Gadonmu ɗaya sama ɗaya ƙasa, shekara huɗu. Bakinka ciwo yake da ba za ka tambaya ba?"

Na karɓe wayata. Rashin karatu bai taɓa kunyata ni haka ba. Abin da ban sani ba, nakan yi shiru in kalli yadda ake yi, kuma haka na rayu har yau. Abin da na tabbata na sani shi ya kayar da ni.

Gurbin, wani ɗan Nepal aka ba. Ba a kore ni ba, na koma inda nake. Madam ta ce in wani gurbi ya sake buɗewa za ta duba, kuma ban matsa mata ba.

Tun daga ranar, in na ga abu a kwance, kwalba ce ko mutum, sai na tambayi wanda ya kwantar da shi kafin in kai hannu.