Hotona a Kan Masarar Kawu

Na manta abubuwa da yawa a rayuwa, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da na tallata kaina a madadin masarar kawuna ba.

A shekarar ne na gama koyon haɗa shafin intanet a wani shagon kwamfuta a Funtua. Wata shida kacal na yi, amma kaina ya kumbura, har tafiyata ta canza. Kawu Lawal, ƙanin mahaifiyata, shi ya kai ni wurin koyon. Manomi ne a Gozaki, yana kuma da shagon hatsi a kasuwar Funtua. Da kaka ta yi ya kira ni ya ce, "Ɗan nan, tunda ka zama injiniya, yi mana abin nan da mutanen Legas za su riƙa ganin masararmu daga can."

Na ce, "Kawu, ai wannan ƙaramin aiki ne."

Shafi kam ya yi kyau: buhunan masara, dawa, waken suya, ga lambar Kawu ɓaro-ɓaro. Sai dai akwai wasu 'yan layuka da ake ɓoyewa a cikin kowane shafi, masu sana'ar na ce musu meta tag. Mai kallon shafin ba ya ganin su. Su ne ke gaya wa waya hoton da za ta nuna da bayanin da za ta rubuta a ƙasansa idan an tura wa wani adireshin shafin. Ni kuwa saboda son jiki ban fara aikin daga tushe ba. Tsohon shafin da na yi wa kaina lokacin koyo na kwafo, na canza duk abin da ido ke gani, na manta da na ɓoyen.

Ranar da za a nuna aiki, Kawu ya tara dillalai a bakin shagonsa, har da lemo. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗan 'yar'uwata ne, da hannunsa ya yi." Sannan ya miƙo mini wayarsa na tura adireshin a guruf ɗinsu, inda manyan masu saye na Kudu suke.

Wayoyi suka yi ƙara. Kowa ya duba tasa.

Alhaji Bala, babba a cikin dillalan, ya gyara tabarau ya karanta da ƙarfi: "Matashin injiniya, gwanin kwamfuta na ɗaya a Funtua da kewaye. Bai yi aure ba tukuna."

A saman rubutun ga ni nan, na jingina da mota, ƙafa ɗaya kan taya, da baƙin gilashin aro. (Motar ma ta wani bawan Allah ce, na yi sauri aka ɗauke ni kafin ya fito daga masallaci.)

Alhaji Bala ya dubi Kawu ya ce, "Alhaji Lawal, wannan irin na damina ne ko na rani?"

Dariya ta ɓarke har masu ɗinkin buhu suka leƙo. Na so ƙasa ta tsage in shige. Nan take na gyara ɓoyayyun layukan, amma saƙon da ya riga ya tafi ba ya canzawa, kuma tuni an fara tura shi gaba. Dariyar ba ta dame ni kamar abin da na jawo wa Kawu ba. Mutumin da ya yi alfahari da ni a gaban abokan sana'arsa na kunyata.

Ya karɓi wayarsa ya daɗe yana kallon hoton. Can sai ya danna ya fara saƙon murya: "Jama'a, salamu alaikum. Wanda kuka gani ɗana ne, shi ya yi aikin. Ku danna kansa, masara na ciki. Shi dai ba na sayarwa ba ne, amma mai 'ya yana iya yi mini magana."

Wallahi sai da idona ya ciko. Mutane suka yi ta danna kaina, wasu don tsegumi, wasu kuma suka kira suna tambayar masara.

Tun daga ranar, duk shafin da na haɗa, kaina nake fara tura wa in ga da wace fuska zai yi sallama a wayar mutane. Sunan dai ya riga ya bi ni. 'Ya'yana biyu yanzu, amma in na ratsa layin 'yan hatsi sai na ji an ce, "Injiniya Bai-yi-aure-ba, an shigo?"