Jan Bulon Farfesa Bong

Duk jami'armu babu mai ilimin Farfesa Bong Tae-sik, shi ma ya sha faɗin haka. Shekara ashirin yana nazarin ƙaramin cocinmu na kan tudu, har ya rubuta littafi mai kauri, wanda sistocin cocin ke tokare ƙofa da shi lokacin zafi. Ɗalibai suna kiransa Bafaranshe, shi kuwa ya ɗauka yabo ne.

Takardun cocin sun ƙone tuntuni, don haka Farfesa ya samu fili. Ya gano cewa limaman Faransa ne suka gina shi shekara ɗari da talatin da suka wuce, da jan bulon da aka kawo ta jirgin ruwa. Yakan shafa bango, ya sansana yatsa, ya ce wa baƙi:

"Ƙamshin ƙasar Turai ke nan. Mutanenmu ba su iya irin wannan aiki ba."

Wata tsohuwa mai jera furanni, Iya Marta, ta sha ƙoƙarin yi masa magana. Ya ce ba a ɗaukar tarihi a bakin mai tsintsiya.

Ya sa aka ƙera allon tagulla mai ɗauke da bincikensa, sunansa ya fi na waliyyin cocin girma. Ranar da Bishop ya zo buɗe allon, Farfesa ya dage sai an cire silin an nuna wa Bishop katakon Faransa. Ya manta cewa kafintocinmu ba sa ɗora babban katakon rufi sai sun rubuta shekara da sunayen ma'aikata a jikinsa.

Da kansa ya hau tsani. Ya ga rubutu, ya gyara murya, ya karanta da ƙarfi: shekarar 1958. Ya kira sunan kafinta, ya kira na magini, da ya zo kan suna na uku sai ya tsaya. Bishop ya ce ya ci gaba mana. Farfesa ya ce tabarau ne ya yi hazo.

Iya Marta ta ɗaga kai daga cikin furanninta.

"Tae-sik, sauko kada ka faɗi. Na ukun babanka ne. Shi ya gasa bulon nan a bayan tudu, kana goye a bayan uwarka kana tsala kuka."

Na tausaya masa, Allah ya sani. Amma sistoci sun ce allon tagullar ya fi littafin riƙe ƙofa.